Kisan gilla a coci: Yadda Kiristoci suka tunkari batun yafiya daga Charleston zuwa Kano

Da misalin ƙarfe biyu na dare agogon Najeriya da Nijar, wayewar garin Alhamis 18 ga watan Yunin 2015, sa'o'i kaɗan kafin jama'a a Birnin Kudu da Gwaram da sauran garuruwan ƙasar Hausa su tashi sahur ɗin farko na azumin wannan shekara, wani saurayi farar fata ya buɗe wuta a kan masu ibada a wani cocin baƙaƙen fata da ke birnin Charleston na jihar Carolina ta Kudu a Amurka, ya kashe mutum tara.

A can Charleston kuwa, ƙarfe tara ne na daren Laraba, 17 ga wata.

Harbe-harbe irin wannan ba baƙon abu ba ne a Amurka. Abin da ya sa na Charleston ya fita daban shi ne abin da ya faru bayan kwana biyu, lokacin da wasu daga cikin iyalan mamatan suka tsaya a gaban kotu, tun ba a binne gawawwakin ba, suka shaida wa maharin cewa sun yafe masa.

Wannan furuci ya girgiza ƙasar. Wasu sun ɗauke shi a matsayin ƙololuwar imani, wasu kuma, ciki har da Kiristoci baƙaƙen fata, sun ce gaggawa ce da ta sauƙaƙa wa Amurka kauce wa laifinta. Muhawara ce da Kiristocin arewacin Najeriya suka riga su shiga, shekara uku kafin nan, bayan da 'yan bindiga suka far wa masu ibada a Jami'ar Bayero ta Kano.

Daren Laraba

Maharin, Dylann Roof, ɗan shekara 21 ne a lokacin. Ya shiga cocin Emanuel ta ƙofar gefe, ya tarar da mutum goma sha biyu suna darasin Baibul da suka saba yi kowace Laraba. Suka marabce shi, suka ba shi kujera kusa da limamin cocin, Rabaran Clementa Pinckney, wanda kuma sanata ne a majalisar dattawan jihar.

Ya zauna tare da su kusan minti 45. Darasin ranar a kan misalin manomin da ya fita shuka ne, wani irin ya faɗa kan duwatsu, wani cikin ƙaya, wani kuma a ƙasa mai kyau. Sai da suka miƙe suka rufe idanu domin addu'ar tashi, sannan ya zaro ƙaramar bindiga ƙirar Glock, ya harba harsashi fiye da 70.

Mafi tsufa cikin waɗanda suka mutu ita ce Susie Jackson mai shekara 87. Mafi ƙuruciya kuma shi ne Tywanza Sanders mai shekara 26, wanda ya yi ƙoƙarin shawo kan maharin, ya ce masa babu wanda ke nufinsa da sharri. Roof ya amsa da cewa dole ne ya aikata, domin a cewarsa baƙaƙen fata suna ƙwace ƙasar.

Mahaifiyar Tywanza, Felicia Sanders, ta tsira ne ta hanyar kwanciya cikin jini tare da jikanyarta 'yar shekara 11, suka yi kamar sun mutu. Wata matar kuma, Polly Sheppard, shi da kansa ya ce mata zai ƙyale ta domin ta ba da labari.

Washegari aka kama shi a garin Shelby na jihar Carolina ta Arewa. Ya amsa laifinsa ga jami'an hukumar FBI ba tare da wata wahala ba. Manufarsa, kamar yadda masu gabatar da ƙara suka nuna daga baya, ita ce tayar da yaƙi tsakanin farare da baƙaƙe. An ga hotunansa riƙe da tutar jihohin kudancin Amurka da suka yi tawaye domin kare bautar bayi, da kuma wani hoton sanye da riga mai ɗauke da tutar Afirka ta Kudu ta zamanin mulkin wariyar launin fata da ta Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu. An haife shi ne a 1994, shekarar da Nelson Mandela ya hau mulki, don haka bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin gwamnatocin da yake begensu ba.

Me ya sa ya zaɓi wannan coci?

Charleston ita ce babbar mashigar bayi a tarihin Amurka. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi ta tashar jiragen ruwan birnin suka sauka.

Daga cikinsu akwai Musulmi. Wanda aka fi sani shi ne Umar bin Sa'id, wani malami Bafulatani daga Futa Toro, wanda aka sauke a Charleston a 1807, kuma a 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Rubutun nasa yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka.

Shi kuwa cocin Emanuel, an kafa shi ne wajen 1817, bayan da dubban baƙaƙen fata mabiya ɗariƙar Methodist, bayi da 'yantattu, suka fice daga cocin farare. Abin da ya ƙure haƙurinsu shi ne shawarar da shugabannin cocin suka yanke ta gina rumfar ajiye keken ɗaukar gawa a kan maƙabartar baƙaƙe.

Ɗaya daga cikin jagororin sabon cocin shi ne Denmark Vesey, wani kafinta da ya fanshi kansa daga bauta da kuɗin da ya ci a caca. A 1822 aka zarge shi da kitsa boren bayi. Aka rataye shi tare da wasu mutum 34, aka rushe cocin. A 1834 hukumomi suka haramta duk wani coci na baƙaƙe zalla, sai mabiyan suka koma ibada a ɓoye har zuwa ƙarshen yaƙin basasa a 1865. Ginin da ke tsaye a yanzu na 1891 ne, bayan da girgizar ƙasa ta 1886 ta lalata wanda ya gabace shi.

Saboda wannan tarihi ne baƙaƙen fatar kudancin Amurka ke kiran cocin Uwa Emanuel. A zamanin da aka hana su makaranta da ƙuri'a da kujerar gaba a motar haya, coci ne kaɗai wurin da suke mulkin kansu. A nan suke taro, a nan suke koyon karatu, daga nan kuma fitattun shugabanninsu irin su Martin Luther King suka fito. Masu aƙidar fifita farar fata sun daɗe da sanin haka. A watan Satumbar 1963 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka dasa bam a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama, suka kashe yara mata huɗu.

A gaban alƙali

Ranar Juma'a 19 ga watan Yuni aka yi zaman sauraron batun beli. Ba a kawo Roof cikin kotun ba, ta akwatin talabijin aka nuno shi daga kurkuku, yana tsaye da dogarai biyu a bayansa. Alƙali ya ba iyalan mamatan damar magana, kuma akasarinsu ba su zo da shirin cewa komai ba.

Nadine Collier, 'yar marigayiya Ethel Lance mai shekara 70, ta tashi tana kuka. Ta ce masa ya raba ta da wani abu mai tsada ƙwarai, ba za ta sake magana da mahaifiyarta ba, ba za ta sake rungumar ta ba, amma ta yafe masa, Allah Ya ji ƙan ransa.

Rabaran Anthony Thompson, mijin Myra Thompson wadda ita ce ta jagoranci darasin a daren, ya ce shi da iyalinsa sun yafe, sai dai ya haɗa da kira ga Roof da ya tuba, ya miƙa kansa ga Almasihu.

Felicia Sanders ta tuna masa cewa hannu bibbiyu suka karɓe shi. Ta ce babu wata gaɓa a jikinta da ba ta ciwo, sannan ta roƙa masa rahamar Allah. Ba ta furta kalmar yafiya ba a ranar.

Bethane Middleton-Brown, wadda ta rasa 'yar uwarta, ta fito fili ta ce tana cike da fushi, kuma har yanzu tana fama da zuciyarta, amma 'yar uwar tata ta koya musu cewa babu masaukin ƙiyayya a gidansu.

Wanda ya saurari zaman da kyau zai lura cewa iyalai tara ne abin ya shafa, ba dukansu suka yi magana ba, kuma ba duk waɗanda suka yi maganar ba ne suka ce sun yafe. Amma labarin da ya zagaye duniya shi ne cewa iyalan Charleston sun yafe.

Ranar Lahadi, kwana huɗu bayan harin, aka buɗe cocin aka yi ibada. Laraba ta gaba kuma aka koma darasin Baibul a ɗakin da aka zubar da jinin. Birnin bai kama da wuta ba, alhali wata biyu kacal kafin nan an yi tarzoma a Baltimore kan mutuwar wani baƙar fata a hannun 'yan sanda, kuma a maƙwabciyar Charleston ɗin ma wani ɗan sanda farar fata ya harbe wani baƙar fata mai suna Walter Scott ta baya a watan Afrilu.

Daga ina wannan yafiya ta samo asali?

A koyarwar Kirista, yafe wa wanda ya cuce ka umarni ne, ba zaɓi ba. Addu'ar da Linjila ta ce Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi, ya koya wa almajiransa, wadda ake karantawa a kusan kowace ibada, ta ɗaure gafarar da mutum ke nema daga Allah da gafarar da shi ma yake yi wa wasu. Akwai kuma umarnin ƙaunar maƙiyi da yi masa addu'a, da hanin ɗaukar fansa, domin sakayya ta Allah ce.

Sai dai kuma nassin da ya hana mutum ramuwa, shi ne a gaba kaɗan ya ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. Don haka mafi yawan malaman Kirista suna rarrabe abu biyu: zuciyar wanda aka zalunta, da aikin alƙali. Mutum na iya sauke ƙullin da ke ransa, ba tare da ya nemi a saki mai laifi ba. Babu ko ɗaya daga cikin iyalan da ya roƙi a sallami Roof.

A nan ne mai karatu Musulmi zai iya samun ruɗani, domin a shari'ar Musulunci, wadda jihohi irin su Jigawa da Kano suka shigar cikin dokokinsu na manyan laifuka tun farkon shekarun 2000, afuwar magada tana da ƙarfin doka. Idan waliyyan mamaci suka yafe, ƙisasi ya faɗi, ko dai a koma ga diyya ko a yafe baki ɗaya. A dokar Amurka kuwa, shari'ar tsakanin gwamnati ce da mai laifi. Ko duk dangi sun yafe, ba ya rage masa ko da kwana ɗaya.

Abin sha'awa shi ne, a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ma afuwar tana da iyaka. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ko an yafe wa mai kisan ganganci, ana yi masa bulala ɗari a kuma tsare shi shekara guda. Kisan da aka yi ta hanyar yaudara kuwa, inda aka sa mutum ya saki jiki sannan aka hallaka shi, magada ba su da ikon yafe shi, al'amarin na hukuma ne. Daga sunan wannan nau'in kisa a Larabci Hausawa suka samo kalmar kisan gilla. Da wuya a sami misalin da ya fi dacewa da ita kamar baƙon da aka ba wurin zama a wajen ibada, ya jira har aka rufe ido domin addu'a.

Akwai kuma wani tushe da ba na nassi ba. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka sun yi ɗaruruwan shekaru a yanayin da nuna fushi kan iya jawo wa mutum rataya, kuma kotu ba ta hukunta farin da ya kashe baƙi. Yafiya ta zama hanyar da suke hana baƙin ciki ya cinye su. Da yawa daga cikin iyalan sun bayyana daga baya cewa don kansu suka yafe, ba don shi ba.

Waɗanda ba su yafe ba

Rabaran Sharon Risher yaya ce ga Nadine Collier, uwarsu ɗaya. A talabijin ta ji ƙanwarta tana yafewa, kuma ta sha faɗa cewa abin ya ba ta mamaki ya kuma ɓata mata rai, tun da ko jana'izar mahaifiyarsu ba a yi ba. Ita malamar addini ce, ta san nassin sarai, amma sai da ta yi kusan shekara biyu kafin ta kai ga yafewa.

Malcolm Graham, ɗan siyasa a Carolina ta Arewa kuma ɗan uwan marigayiya Cynthia Hurd, ya ce shi bai yafe ba, domin wanda ya yi laifin bai nemi gafara ba. Kuma haƙiƙa bai nema ba. A rubutun da ya yi a kurkuku, wanda aka karanta a kotu, Roof ya ce bai yi nadama ba.

Marubuta baƙaƙen fata irin su Roxane Gay sun soki yadda kafofin watsa labarai suka rungumi labarin yafiyar. Hujjarsu ita ce, duk lokacin da aka kashe baƙar fata sai a garzaya ana tambayar dangi ko sun yafe, amma babu wanda ya yi wa iyalan waɗanda suka mutu a harin 11 ga watan Satumbar 2001 irin wannan tambaya. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma masu yabon iyalan ba su ba ta gamsasshiyar amsa ba.

Duk da haka, ba a iya musun cewa kalaman kotun sun yi tasirin da zanga-zangar shekaru ba ta yi ba. Ranar 26 ga watan Yuni Shugaba Barack Obama ya yi jawabi a jana'izar Pinckney, ya gina shi a kan alherin Allah. Ranar 10 ga watan Yuli aka sauke tutar 'yan tawayen kudu daga harabar majalisar jihar, bayan fiye da shekara hamsin ana kafa ta a wurin, kuma Gwamna Nikki Haley ta jam'iyyar Republican ce ta sa hannu a dokar.

Coci-cocin farare ma sun sha tambayoyi. Sunan Roof yana cikin rajistar wani cocin ɗariƙar Lutheran, alhali biyu daga cikin waɗanda ya kashe, Pinckney da Rabaran Daniel Simmons, a makarantar horar da limamai ta wannan ɗariƙa suka yi karatu. A 2019 ɗariƙar ta ayyana 17 ga watan Yuni a matsayin ranar tunawa da mutanen tara da kuma tuba daga wariyar launin fata. Babbar ƙungiyar 'yan Baptist ta kudanci, wadda aka kafa a 1845 saboda goyon bayan masu bayi, ta yi kira ga mabiyanta a 2016 da su daina ɗaga tutar.

Musulmin Amurka kuma, a cikin watan azumin na 2015, sun tara fiye da dala dubu ɗari ta intanet domin sake gina wasu coci-cocin baƙaƙe da suka ƙone a makonnin da suka biyo bayan harin.

Kano da Zariya

Safiyar Lahadi 29 ga watan Afrilun 2012, 'yan bindiga suka shiga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, jami'ar da ɗimbin malamai da ma'aikatan Jigawa suka yi karatu a cikinta. Suka nufi wuraren da ɗalibai da ma'aikata Kiristoci ke ibada, suka jefa bama-baman gwangwani, sannan suka riƙa harbin masu gudu. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ciki har da Farfesa Jerome Ayodele na sashen kimiyyar sinadarai da Farfesa Andrew Leo Ogbonyomi na sashen nazarin ɗakunan karatu. Ƙungiyar Boko Haram aka ɗora wa zargi.

Dalilin kisan ya bambanta. A Charleston launin fata ne, tsakanin mutanen da suka tashi a addini ɗaya. A Kano kuwa addini ne, tsakanin mutane masu launi ɗaya, ko da yake ƙabila da shiyya ba su fita daga lissafin ba, domin a farkon watan Janairun shekarar kakakin ƙungiyar ya ba 'yan kudu wa'adin kwana uku su bar arewa. Amma dabarar guda ce: a taɓa mutane a wurin ibadarsu, domin 'yan uwansu su rama a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Shugabannin Kiristocin Najeriya ba su yi magana da murya ɗaya ba. Bayan harin bam na ranar Kirsimetin 2011 a cocin Katolika da ke Madalla, shugaban ƙungiyar CAN na lokacin, Fasto Ayo Oritsejafor, ya ce Kiristoci za su kare kansu idan aka ci gaba da kai musu hari. Manyan limaman Katolika irin su John Onaiyekan na Abuja da Ignatius Kaigama na Jos sun fi mayar da hankali ne kan hana ramuwar gayya, tare da matsa wa gwamnati ta yi aikinta. Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar shi ma ya ce rikicin tsakanin mutanen kirki ne da mugaye, ba tsakanin Musulmi da Kirista ba.

Ranar 17 ga watan Yunin 2012, wato daidai shekara uku kafin harin Charleston, aka ga abin da ake gudu. An kai hare-haren bam kan coci biyu a Zariya, ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Wusasa, da kuma wani a garin Kaduna. Kafin yamma matasa Kiristoci sun tare hanyar Kaduna zuwa Abuja, suna zaƙulo Musulmi matafiya suna kashewa. Rikici ya bazu, gommai suka mutu daga ɓangarorin biyu, Gwamna Patrick Yakowa ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24. Abin da Roof ya nema ya rasa a Charleston, Boko Haram ta samu a Kaduna a ranar.

Ba adalci ba ne a kwatanta biyun ba tare da faɗin wani babban bambanci ba. Lokacin da Nadine Collier ke magana, maharin yana hannu, da ankwa, sa'o'i kaɗan bayan harin aka kama shi, kuma kowa ya san za a yi masa shari'a. A Najeriya kuwa akasarin masu kai irin waɗannan hare-hare ba a san fuskarsu ba. Hukuncin ɗaurin rai da rai da aka yanke wa Kabiru Sokoto a watan Disambar 2013 dangane da harin Madalla yana cikin ƙalilan da aka kai ƙarshensu. Yana da wuya a ce wa mutum ya bar wa hukuma, alhali bai ga hukumar ba.

Wannan damuwa ba ta Kiristoci ba ce su kaɗai. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga suka shiga garin Gwaram cikin dare, suka kai hari ofishin 'yan sanda da banki da kotun shari'ar Musulunci, suka kashe 'yan sanda bakwai. A watan Nuwambar shekarar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi kira ga jama'a da su tashi su kare kansu, kuma ranar 28 ga watan aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano da bama-bamai da bindigogi, fiye da mutum ɗari suka rasu.

Cocin da ya fi kama da na Charleston a wannan fuska shi ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wanda ya faro a Garkida a 1923, kuma aƙidarsa ta haramta ɗaukar makami ko da don ramuwa. Yankin da mabiyansa suka fi yawa, kudancin Borno da arewacin Adamawa, shi ne Boko Haram ta fi ɗaiɗaitawa. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yan wannan coci ne, kuma a watan Oktoban shekarar mayaƙan suka mamaye hedikwatarsa da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninsa sun tsaya a kan matsayinsu na ƙin ramuwa. Dakta Rebecca Dali, matar shugaban cocin na lokacin, ta kafa cibiyar da ke tallafa wa zawarawa da marayu, Musulmi da Kirista, aikin da ya sa ta sami lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017.

Inda aka kwana

A watan Disambar 2016 wata kotun tarayya ta sami Roof da laifi a tuhume-tuhume 33, kuma a watan Janairun 2017 aka yanke masa hukuncin kisa. Shi ne mutum na farko da aka yanke wa irin wannan hukunci a ƙarƙashin dokar tarayya ta laifukan ƙiyayya. Kotun ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙararsa a 2022.

Hukumar FBI ta amsa cewa bai kamata a sayar masa da bindigar ba. Ya taɓa amsa laifin mallakar ƙwaya, amma kuskure a takardu ya sa binciken bai kammala cikin kwana uku da doka ta tanada ba, sai mai shago ya miƙa masa. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince ta biya iyalan da waɗanda suka tsira dala miliyan 88. Ita kuwa jihar Carolina ta Kudu, har aka cika shekara goma da harin a 2025 ba ta kafa dokarta ta hukunta laifukan ƙiyayya ba. Ƙudurin, wanda aka sa wa sunan Pinckney, ya sha maƙalewa a majalisar dattawan da shi kansa ya zauna a cikinta.

A watan Disambar 2024 Shugaba Joe Biden ya sassauta wa fursunoni 37 daga cikin 40 da ke jiran kisa a hannun gwamnatin tarayya, ya mayar da hukuncinsu ɗaurin rai da rai. Roof yana cikin ukun da ya bari. Wasu daga cikin iyalan sun yi na'am da hakan. Sharon Risher kuwa, wadda ta ƙi yafewa a 2015, tana cikin waɗanda suka roƙi shugaban da ya haɗa da shi, tana mai cewa kashe shi ba zai dawo da mahaifiyarta ba, kuma duk wata ɗaukaka ƙara da zai yi sai ta sake mayar da su daren Larabar.